Linzami da Kibiya: Nazarin Kalmomin Motsi a Bakin Masu Koyon Kwamfuta a Ƙanƙara

Gabatarwa

Wanda duk ya taɓa zama a shagon koyon kwamfuta a ƙasar Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, a 'yan makwannin da jarrabawar shiga jami'a ta ƙarato, ya san akwai wata magana da ba ta barin bakin yara, ita ce, "Malam, abin nan ya lalace." Abin da ya lalace ɗin kuwa shi ne ɗan ƙoƙon nan da ake kifa wa tafin hannu ana turawa a bisa tebur, wanda yake jan kibiyar da ke yawo a fuskar kwamfuta. A wani hutu da muka samu na yi 'yan makwanni ina taya wani ɗan'uwana tsaron irin wannan shago a garinmu Ƙanƙara, sai ya zama duk yaron da ya kawo mini wannan ƙara nakan ce masa, "Lalacewa ai iri-iri ce. Me kibiyar take yi?" Amsoshin da na riƙa samu na tara su a bayan littafina na Ginin Jimla, su ne kuma tushen wannan ɗan nazari da nake gabatarwa ga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai.

Abin da na lura da shi shi ne, da zarar an matsa wa yaro ya bar kalmar lalacewa, sai ya fito da aikatau wanda ya dace da motsin da idonsa ya gani, kuma kusan kowane aikatau yana nuni ne zuwa ga wurin da cutar take. Watau dai Bahaushe yana da kalmomin binciken wannan matsala tun kafin na'urar ta iso ƙasarsa, illa dai ba a jera masa su ba.

Kada a ɗauki al'amarin wasa. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, a 2015 kuma ta yi ban kwana da takarda da fensir baki ɗaya. A tsarin da aka bi a 2024, tambayoyi 180 ne cikin sa'a biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku kowanne 40. In aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. Yaron da ya ɓata daƙiƙa goma a kan kowace tambaya yana kokawa da kibiya ya zubar da minti 30 ke nan, rubu'in lokacinsa. Yaran yankinmu kuwa da ma suna da giɓi. Bayan sace ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020 an rufe makarantun kwana na jihar Katsina, sannan a Satumba 2021 aka katse layukan waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Da yawa daga waɗanda suka taso cikin wannan hali ba su taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba sai da jarrabawa ta zo bakin ƙofa.

Ɓera, maus ko linzami?

Kafin mu shiga motsi, ya kamata mu tsai da suna. Douglas Engelbart ne ya ƙago wannan na'ura a Amurka, abokin aikinsa Bill English ya ƙera ta farko a wajen 1964 da ɓawon katako da ƙafafu biyu na gare, aka nuna wa duniya ita ran 9 ga Disamba 1968 a birnin San Faransisko. Saboda wayar da ta fito mata ta baya kamar wutsiya, sai suka laƙaba mata sunan ɓera da harshensu. Sunayen da muke ji a Hausa uku ne, kowanne da hanyar da ya biyo. Maus aro ne tsurarsa, shi ne kuma ya fi yawa a bakin masu shago. Ɓeran kwamfuta fassara ce ta kai tsaye. Linzamin kwamfuta kuwa faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma ce, irin yadda gidajen rediyo suka yi da suka ce makami mai linzami.

A ganina ɓera bai dace ba. Da farko, a Hausar yamma, watau Katsinanci da Sakkwatanci, kusu aka fi sani, saboda haka tun a gida sunan ya rabu biyu. Na biyu, in Bahaushe ya ce wane yana da halin ɓera, ɗauke-ɗauke yake nufi. Na uku, wutsiyar da ta jawo sunan ta soma ɓacewa, tun da yanzu akwai marasa waya. Linzami kuwa bai dubi kama ba, aiki ya duba: abu ne a hannu da ake sarrafa wani abu mai tafiya da shi. Bugu da ƙari, da ka ce linzami ka buɗe ƙofar barga, duk kalmomin da mahaya ke siffanta halin doki da su sun zama naka, za mu kuwa ga amfaninsu a gaba. Wannan ba ya nufin in shiga shago in hana mutane cewa maus. Ni kaina in na je saye haka nake cewa, don kada mai kaya ya tura ni wurin baduku. Amma a rubuce linzami zan yi amfani da shi. Alamar da ke yawo a fuskar kwamfuta kuwa ban ji yaron da ya kira ta da wani suna ba kibiya ba, ba kuma wanda ya koya musu.

Yadda linzami yake gani

Linzaman da, irin wanda aka ƙera a kamfanin Xerox a 1972 da wanda ya zo da kwamfutar Macintosh a 1984, ƙwallo gare su a ciki, tana mirginawa tana juya wasu 'yan sanduna biyu. Wanda ya ci karo da irinsu a ɗakin ajiyar wata makaranta, maganinsu bai wuce a kwance zoben ƙasa a fidda ƙwallon a kankare dauɗar da ta naɗe sandunan ba. Na yanzu ido gare su. Tun 1999, lokacin da kamfanin Microsoft ya fitar da linzami mai ɗaukar hoto wajen 1,500 a daƙiƙa guda, wannan tsari ya mamaye kasuwa. Akwai 'yar fitila a cikinsa, galibi ja, tana haska tebur a karkace don kowane ɗan tudu da kwari na jikin teburin ya yi inuwa. Kusa da ita akwai ƙaramar kyamara da ke ɗaukar hoton wurin. Sai na'urar ta gwada hoton yanzu da wanda ya gabace shi, ta ga ina inuwoyin suka gusa, daga nan ta lissafa nisan da hannu ya yi da inda ya nufa. Linzami na gama-gari mai waya yana aika wa kwamfuta wannan labari sau 125 a daƙiƙa.

Aikinsa ke nan ya yi kama da na mai bin sawu. In ƙasa mai laushi ce, sawu ya fito raɗau, bi ba wuya. In aka hau kan fa, sawu ya ɓace, sai dai a yi ta kame-kame. In kuma garke ya bi ta wurin, sawu ya yi yawa, kowanne kama da ɗan'uwansa, nan ma an rikice. Mai karatu ya riƙe wannan misali. Ya kuma riƙe cewa labarin motsi yana bin zango-zango ne: daga hannu zuwa tebur, zuwa ido, zuwa waya ko iska, zuwa kafar da aka soka shi, zuwa cikin kwamfuta, kana ya bayyana a fuska. A kowane zango ana iya yi masa fashi.

Kalmomin motsi da abin da kowace ke nunawa

Kalmar da na fi ji ita ce rawa, da 'yan'uwanta karkarwa da kyarma da ɓari. Wani yaro daga wajen Ketare cewa ya yi, "Tana rawar ɗari," wani kuma ya ƙara da amsa-kama, ya ce tana yi kar-kar-kar. Abin da ya haɗa waɗannan kalmomi shi ne motsi ƙanana, masu yawa, a wuri guda. Kibiyar ba ta bar inda take ba, amma ta kasa natsuwa. Wannan kusan kullum laifin zango biyu na farko ne, tebur ko ido. Tebur mai gilashi, ko mai sheƙi irin na fomaika, ko wanda aka shimfiɗa wa leda, shi ne fa ɗin da muka ambata: haske ya zame a kansa bai bar inuwa ba. Gwajin ba ya cin ko sisi. A ɗauko farar takarda marar sheƙi, ko bangon littafi na kwali, a sa a ƙarƙashi. In rawar ta tsaya, an kama ɓarawo. In ba ta tsaya ba, a zare linzamin a birkice shi a duba ramin idon. A ƙasa irin tamu, mai ƙurar hunturu da garin farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara, da zaren audugar da ke tashi a ƙauyukan Faskari da kaka, da wuya a rasa wani abu a ciki. Silin gashi guda ya isa, domin ita kyamarar ba ta san gashi ba ne, gani take tebur ne ke motsi. A hure, in bai fita ba a goge da 'yar auduga a kan tsinke. Kada a sa allura ko fil, don in aka karce gilashin idon ba shi da gyara. Akwai kuma wata rawar da na daɗe ban gano kanta ba, ashe fankar tebur ce ke girgiza katakon da kwamfutocin ke kai.

Ta biyu ita ce tsalle, amma na fi son kalmar da wani ɗan gidan masu dawaki ya kawo, ya ce kibiyar tutsu take yi. Tutsu ya fi tsalle cika ma'ana, domin ya ƙunshi bazata: ana cikin tafiya lafiya lau, sai wuf ta zabura ta faɗa kusurwa. A nan sai a tuna da garken da ya ɓata sawu. Tabarma, da buhu, da mayafin tebur mai zane iri ɗaya a jere, duk suna ruɗa ido, ya ɗauki wannan layi a matsayin wancan, ya kai rahoton tafiyar da ba a yi ba. Shimfiɗar da ta fi kyau ita ce mai launi ɗaya, marar sheƙi, marar tudu.

Amma in kwamfutar ta cinya ce, tutsu yana da wasu dalilai biyu. Irin wannan kwamfuta tana da ɗan faifai a gaban maɓallai wanda ake shafawa da yatsa a madadin linzami. Mai koyo yakan jingina gindin tafinsa a kan faifan yana rubutu bai sani ba, kibiya ta sami umurni daga wuri biyu. Dalili na biyu ya fi ban mamaki, shi ne caja. Shi faifan nan da 'yar ƙaramar wutar lantarkin da ke jikin mutum yake gane yatsa, don haka caja marar kyau, ko wutar janareta da ba ta da wayar ƙasa, kan cusa masa hayaniyar da yake ɗauka yatsu ne. Wata rana wata yarinya ta ce mini, "Yaya, da safe lafiyarta ƙalau, da an ta da inji sai ta haukace." Wannan jimla ita kaɗai ta gama binciken. Na zare cajar, kibiya ta kwanta. Duk wanda kibiyarsa ke tutsu a kan faifai, ya fara da zare caja kafin ya taɓa kome.

Kalma ta uku ita ce mafi wuyar sha'ani, a nan ne kuma nahawu ya yi mini rana. Akwai bambanci tsakanin "ta tsaya" da "tana tsattsayawa", haka kuma tsakanin "ya katse" da "yana kakkatsewa". Ninkin gaɓar farko ta aikatau, kamar yadda aka koya mana, yana nuna maimaituwar aiki. In kibiya ta tsaya cak ba ta sake motsi ba, to, hanya ta yanke gaba ɗaya: ko an zare waya, ko batir ya mutu, ko kwamfutar ce ta sandare. In kuwa tsattsayawa take, ta tafi ta turje, ta tafi ta turje, wasu yaran suka ce ɗingishi, to, hanyar na nan amma saƙo yana zubewa a tsakani. A linzami mai waya, wurin da aka fi zargi shi ne wuyansa, inda wayar ta shiga jiki, domin nan ne take lanƙwasa kullum har siraran tagullar ciki su karye alhali robar waje lafiya lau. A riƙe linzamin a murza wayar a hankali ana kallon fitilar. In tana ɗaukewa tana dawowa, an gano. In ba haka ba, a sauya kafa, don kafar da aka daɗe ana soka filash ana zarewa takan yi sako-sako.

Marar waya kuma da batir ake farawa, domin batir mai rauni ba ya kashe linzami farat ɗaya, sa shi ɗingishi yake yi tukuna. Daga nan sai a dubi ɗan kan da ake sokawa a kafar USB, wanda ke karɓar saƙo ta iska. In yana bayan akwatin ƙarfe na kwamfuta a ƙarƙashin tebur, a dawo da shi gaba. Akwai kuma abin da kamfanin Intel ya bayyana a 2012, cewa kafar USB 3.0, wadda galibi ake gane ta da shuɗin harshe, tana fitar da hayaniya a daidai zangon iskar da irin waɗannan linzamai ke magana a kai, watau gigahaz 2.4. Don haka in an soka filash ko ma'ajiyar waje a shuɗiyar kafa, ɗan kan linzami kuma yana maƙwabtaka da ita, sai a raba su. Kada kuma a rikita ɗingishi da gyangyaɗi. Linzami marar waya yakan yi barci in an bar shi jim kaɗan don tanadin batir, motsin farko na tashinsa ne. Wannan halinsa ne, ba cuta ba ce.

To, amma sau da yawa linzami ba shi da laifi ko kaɗan, doki ne ya gaji. Tsohuwar kwamfuta mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, an buɗe mata shafuka goma, ga manhajar gwajin jarrabawa, ga wata tana sabunta kanta a ɓoye, ga ƙura ta toshe mata fanka ta yi zafi ta rage gudu, ba abin da zai hana kibiyarta tsattsayawa. Yadda ake rarrabewa shi ne a buɗe wurin rubutu a danna harafi guda a riƙe, ko a kunna ɗan bidiyo. In haruffan ma suna fitowa a guntule, ko hoton yana sarƙewa a daidai lokacin da kibiya ta turje, to, a bar linzami ya huta, a rufe abin da ba a bukata, a kashe kwamfutar a sake kunnawa, a kuma share mata hanyar iska. Kusa da wannan akwai abin da yara suka kira nawa ko jan jiki, watau kibiya ba ta tsayawa amma kullum tana bayan hannu. Ban da gajiyar kwamfuta, na ga wannan a inda aka mai da talabijin fuskar kwamfuta, saboda talabijin yakan tsaya gyara hoto kafin ya nuna.

Saura aikatau masu ƙarewa da wasalin -e, waɗanda F. W. Parsons ya sa a aji na huɗu a rabon da ya yi wa aikatan Hausa a 1960: zarce, wuce, ƙwace, kuɓuce, sulale. Yawancinsu suna ɗauke da ma'anar rabuwa, abu ya fita daga ikon mai shi. "Tana zarcewa" ita ce ƙarar wanda ya nufi 'yar da'irar amsa ya wuce ta, ya dawo ya sake wucewa. Wannan ba ƙura ba ce, ba waya ba ce, saiti ne. Ana auna kaifin idon linzami da yawan ɗigon da kibiya ke ci in hannu ya yi tafiyar inci guda, na gama-gari kuwa yakan kama daga 800 zuwa 1,600. Fuskar ƙananan kwamfutoci da yawa faɗinta ɗigo 1,366 ne. Ashe ke nan a kan 1,600, tafiyar da ba ta kai inci ba ta isa ta ratsa fuskar daga gefe zuwa gefe, da'ira mai faɗin ɗigo 16 kuma kashi ɗaya cikin ɗari na inci ne a ƙarƙashin hannu. Ga ɗan koyo, wannan linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Wasu linzaman suna da ɗan maɓalli a bayan gare na tsakiya wanda ke sauya wannan kaifi, yara kan danna shi bisa kuskure, sai a sake dannawa har a dawo kan mai sauƙi. A cikin Windows kuma akwai ma'aunin gudun kibiya, tsohon samfurinsa gaba 11 gare shi, ta shida ce tsakiya. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan akwati da sunansa ke nufin ƙara daidaiton kibiya. Abin da yake yi shi ne, in hannu ya yi sauri ya ƙara wa kibiya nisa, in ya yi sannu ya rage. Gwanaye sun saba da shi, amma ni na fi son a cire wa mai koyo shi, don hannunsa ya koyi cewa tafiya kaza tana ba da nisa kaza kullum.

Sulalewa dabam take. Ba wanda ya taɓa kome, amma kibiya tana tafiya sululu zuwa gefe guda. A kwamfutar cinya akan sami haka in gumi ko danshi ya taɓa faifai, ko ɗan jan maɓallin tsakiyar haruffa da wasu samfura ke da shi ya maƙale. Amma in aka ga faifan ya taso, ko ya ƙi dannuwa, to, a yi hattara, mai yiwuwa batirin da ke ƙarƙashinsa ne ya kumbura. Irin wannan batir ba a danna shi, ba a huda shi, domin yana iya kama wuta. A kashe kwamfutar a kai wa mai gyara. A lura da kalmar dannuwa da na yi amfani da ita yanzu: aji na bakwai ne, kamar gyaruwa da juyuwa, kuma da ita yara ke raba cutar maɓalli da cutar motsi ba tare da sun san sun yi ba.

Hannu

Na bar zangon farko sai yanzu da gangan, domin shi ne ba a son faɗa. Akwai ranar da na sauya wa wata ƙanwata linzami har sau uku tana cewa kowanne rawa yake. Da na karɓa na gwada, lafiya lau. Hannunta ne ke ɓari, saboda ta damƙe abin kamar za a ƙwace mata. Wannan yarinya kuwa gwanar ɗinkin hula ce, allurarta ba ta kuskure gida. Ashe matsalar ba rashin iya hannu ba ce. A ɗinki, da rubutun allo, da ma wayar hannu da yaran yanzu suka fara sani, ido da yatsa wuri guda suke kallo. A linzami kuwa hannu yana kwance a tebur, ido yana tsaye a fuska, turawa gaba kuma ita ce hawa sama. Sai ƙwaƙwalwa ta yi kwanaki kafin ta ƙulla wannan zumunci.

Kurakuran da na fi gani su ne riƙe linzami a karkace, wanda ke sa kibiya ta tafi a gicciye, da ɗaga shi kaɗan daga tebur har ido ya daina gani, da tura shi a lokacin dannawa, sai danna ta koma ja. Wasu kuma in sun kai bakin tebur sai su tsaya suna kallona, ba su san ana ɗaga shi a mai da shi tsakiya ba tare da kibiya ta gusa ba. Abin da ya yi wa ƙanwar tawa magani shi ne ta aje gindin tafinta a kan tebur, ta riƙe gefe da babban yatsa da na kusa da ƙarami, ta kai kibiya inda take so, ta tsaya, sannan ta danna. Dabarar da ke raba laifin hannu da na na'ura kuwa ita ce musanya, amma abu ɗaya a lokaci guda: wani mutum a kan linzamin nan, sannan wani linzami a kwamfutar nan, sannan linzamin nan a wata kwamfuta. Wanda ya sauya tebur da batir da kafa a tashi ɗaya, ko ya dace ya warke, bai san abin da ya warkar da shi ba, gobe kuma zai koma gidan jiya.

A ɗakin jarrabawa

Duk abin da muka faɗa a shago ko a gida yake aiki. A ɗakin jarrabawa ɗalibi ba shi da ikon birkice linzami ko shiga saiti, ba kuma a yarda ya shigo da takardar da zai shimfiɗa ba. Abu biyu ya rage masa. Na farko ya ɗaga hannu tun da wuri, tun a tambayoyin farko, ya kuma gaya wa mai kula abin da kibiyar ke yi da kalmar da ta dace, domin wanda aka ce masa "tana tsattsayawa" ya san ya duba waya, wanda aka ce masa "ta lalace" kuwa sai ya fara tambaya, agogo na tafiya.

Na biyu ya san cewa ana iya gama jarrabawar ba tare da linzami ba. A 2017, zamanin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar JAMB ta shigo da tsarin maɓallai takwas saboda waɗanda ba su saba da linzami ba: A da B da C da D don zaɓen amsa, N don wucewa tambaya ta gaba, P don komawa ta baya, S don miƙa aiki, R don janyewa in an danna S ba a shirya ba. Na yi mamakin yawan yaran da suka zo shagon ba su taɓa jin wannan ba. A makon ƙarshe nakan zare linzaman duka in zuba a kwali, in sa su yi gwaji guda cikakke da maɓallai kaɗai. Da yake haruffan daga kalmomin Turanci aka ciro su, sai muka yi musu laƙabin Hausa don su zauna a ka: N na nan gaba, P muka bar shi da sunansa don mun rasa kalmar da ta dace, S kuwa sallama, wadda ba a yi sai an tashi tafiya. In wani daga cikin malamaina ko 'yan ajinmu yana da abin da zai dace da P da R, ina nan ina jira kafin hutu mai zuwa.